Dalilin da Ya Sa Ba Na Cikin Hoton Rantsuwa

Hoton nan da ke rataye a falo, saman talabijin, na gaji da amsa tambaya a kansa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ƙura masa ido. Ga babanku cikin farar babbar riga ana rantsar da shi minista, ga yayarsa Gwaggo Delu a gefensa ta sha ɗaurin kallabi kamar za ta tashi sama, sannan a juyo a ce mini, "Hajiya, ke kina ina?" Nakan ce ina kicin. Ba ƙarya na yi ba, a kicin ɗin nake, sai dai kicin ɗin yana Dubai, rantsuwar kuma a gida aka yi ta. Ke Ummi da kai Bashir, na san abin da kuka ji a bakin dangi, wai uwarku ta fi son tukunyar tuwonta a kan darajar mijinta. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, bari in ba ku labarin da bakina, don kada ku ba 'ya'yanku shi a karkace.

Sai na fara daga gidanmu, don in ba ku san gidanmu ba, ba za ku gane taurin kaina ba. Mahaifina mai haƙar rijiya ne, haka ubansa, haka kakansa. A gidanmu akwai doka guda wadda ba a wasa da ita: mutum biyu daga gida ɗaya ba sa shiga rijiya tare. In ɗaya ya sauka, ɗayan yana sama yana riƙe da igiya. An ce tun zamanin kakanmu aka kafa ta, bayan da ƙasa ta rufta wa 'yan'uwa biyu a rami ɗaya, gidan ya wayi gari babu namiji. Mai riƙon igiya ba ya matsawa ko nan da can. Ko dagaci ne ya zo wucewa da makaɗa, daga inda yake zai gaishe shi. In na ciki ya girgiza igiya, ba a leƙa a ce mene ne, ja kawai ake yi. In kuma ya fito, ba a tambayarsa ko an samu ruwa sai ya zauna ya sha kunu. Ni ce mai kai kunun tun ina 'yar ƙarama, don haka na ga ƙanin babana yana tsaye a rana tun hantsi har azahar, ƙuda na bin fuskarsa ba ya ko kore shi. Mutane su zo su leƙa su ce sannu da aiki ga na ciki, shi na sama ba wanda ke ce masa sannu.

Aikin babanku ne ya kawo mu Dubai. Injiniyan ruwa ne a wani kamfani da ke Al Qusais, a nan unguwar muka kama gida, ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Ni kuwa zaman banza ba ya yi mini. Na fara dafa tuwo a gida ina aika wa 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya, har Allah ya sa na buɗe ɗan shago a Al Buteen, bayan layin masu kayan yaji, inda kana jin ƙugin kwale-kwale daga bakin ruwa. Tebur huɗu ne kacal. Tuwon shinkafa da miyar kuka kullum, waina ranar Juma'a, kunun tsamiya in sanyi ya shigo. Kanawa da mutanen Nijar da 'yan Zangon Kumasi, duk wanda shinkafar Indiya ta ishe shi, wajena yake ƙarewa. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: a ƙasar nan ba wanda ke zama don yana son garin. Iƙama, wato takardar zama, a jikin wani abu take rataye, ko aiki ko shago. Ta babanku da taku a jikin kamfaninsa suke, tawa a jikin lasisin shagona. In abin da aka rataye ta ya faɗi, ita ma ta faɗi, sai ka tattara ka nufi filin jirgi.

A shekarar dubu biyu da goma sha takwas, a can gida ana cikin wani irin mulki mai ban dariya. An yi zaɓe, ba jam'iyyar da ta samu rinjaye a majalisa. Ta firaminista ita ce babba, amma ba ta kai rabi ba, don haka gwamnatin marasa rinjaye ya kafa. Duk lokacin da yake son a amince da kasafin kuɗi ko wata doka, sai ya bi ƙananan jam'iyyu gida-gida yana lallashi, su kuma ba abin da suke karɓa sai kujerar minista. Shi ya sa garambawul ya zama kamar canjin zane, ba a daɗe sai ka ji an cire wannan an sa wancan. Abokin babanku na ƙuruciya shi ke jagorantar ɗaya daga cikin ƙananan jam'iyyun, 'yan majalisarsa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mu dai a shago muna jin labarin a waya muna dariya, ban taɓa kawo wa raina abin zai shigo mini ɗaki ba.

Wata Juma'a da sanyi muka tafi Hatta, garin duwatsu mai madatsar ruwa, shan iska, kamar yadda muka saba. Kun sauka kun tafi hawan ƙananan jiragen ruwan nan na madatsar, mu kuma muka shimfiɗa tabarma a gindin dutse, na buɗe kular waina. Na lura tun a mota babanku ba ya magana, ga shi yana ta murmushi shi kaɗai.

"Rakiya, an kira ni daga gida," ya ce.

"Wa ya rasu?"

"Ba rasuwa ba ce. Za a yi garambawul, an ba jam'iyyar mutumina kujera ɗaya, ma'aikatar ruwa. Sun ce ba ɗan siyasa suke so ba, wanda ya san aikin suke so."

Na ajiye cokali na dube shi. Shekara nawa ina jin mutumin nan yana ƙorafin tankin ruwan garinsu da ya lalace tun kuna goye, mata na tafiya mai nisa da jarkoki. Na san ba kuɗi yake hange ba, tankin nan yake hange. Na yi masa murna har cikin zuciyata, na ce Allah ya sa alheri, ka je. Sai ya ci gaba, ya ce akwai gidan gwamnati, akwai mota, za mu sa ku a makaranta a can, shagon kuma a sayar, tunda ba a san matar minista da tuƙa tuwon sayarwa ba.

"Malam," na ce, "wanda za ka gada, wata nawa ya yi a kujerar?"

Ya ce bai cika shekara ba.

"To kai ka sauka, ni ina sama da igiya."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "'Yar mai rijiya kenan. Ni ba rami zan shiga ba, kujera zan hau." Na ce in kujerar ce ma, ai ta aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Dariyar ta ɗauke. Muka kama hanyar gida, ku kuna baya kuna faɗa a kan waƙar da za a sa a mota.

Abin ya zo da sauri. Ya ajiye aiki, iƙamarsa ta mutu, ni kuma na shiga zirga-zirgar mayar da taku jikin lasisina, tunda ke Ummi kina shekarar ƙarshe a sakandare, ba zan yarda a tsinke miki karatu a tsakiya ba. Fasfo ɗinmu duka suna ofis ana aikin lokacin da aka sa ranar rantsuwa. Da zan iya roƙo a ba ni nawa in je in dawo, amma Gwaggo Delu ta kira ni ta yanke maganar. Ita ce ta riƙe babanku bayan rasuwar iyayensu, a wajensa uwa ce, ba ta kuma taɓa daina ce mini amarya ba duk da furfurata.

"Amarya, ko ki zo da kayanki gaba ɗaya, ko kada ki zo. Ba za mu tsaya gaban mutane da matar da ta zo yawon buɗe ido gidan mijinta ba."

A waya na kalli rantsuwar, na jingine ta da galan ɗin man gyaɗa, ni da Ayishetu 'yar Kumasi mai taya ni aiki. Da ya ɗora hannu ya fara magana, sai hawaye ya zubo mini. Na yi alfahari da shi, kuma na ji zafin ganin wata a inda ya kamata in tsaya, ba zan ɓoye muku ba. Ranar duk wanda ya shigo shago kyauta ya ci. 'Yan kasuwa suka yi ta shigowa suna ce mini "ranki ya daɗe, matar minista," ni kuma ina miƙa musu tuwo ina cewa a wanke hannu tukuna. Da na koma gida, ke Ummi kika tare ni a bakin ƙofa, kika ce 'ya'yan ministoci suna can ana buɗe musu ƙofar mota, ku kuna nan kuna warin miyar kuka. Ban mare ki ba, kin san kuwa da sauran ƙarfina a lokacin. Ɗaki na shiga na rufe.

Watannin farko ya ji daɗin aikin. In ya kira, ba ya maganar komai sai famfo da bututu, har ya samu aka kai injina garinsu aka fara gyaran tankin. Kafin zafi ya gama shigowa sai kasafin kuɗi ya zo majalisa, ƙuri'a ba ta kai ba. Firaminista ya lallaso wata ƙaramar jam'iyyar, su kuma suka ce ma'aikatar ruwa suke so ko a fasa. Aka sake garambawul, aka ɗauke babanku daga abin da ya sani aka kai shi sufuri. Shi da ya kira ni muryarsa a sanyaye take, amma a wajen dangi abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, don an ce sufuri ta fi maiƙo. Aka yi ta kirana ana cewa to yanzu fa, kin ga gaba yake yi, me kike jira? Gaskiya ni ma na fara shakkar kaina. Na ce ko dai tsoro ne kawai irin na 'yar talaka, na ɗauko dokar ƙauye na ɗora wa abin da ba ta shafa ba. Ga kewarsa ta dame ni, gadon nan ya yi mini faɗi. Ga lasisin shagon ya kusa ƙarewa, sai an sabunta. Maƙwabcina mai kayan yaji kuma ya daɗe yana son ya fasa bango ya haɗa da nasa, kullum sai ya leƙo ya ce, "Mama, yalla, khalas, ya isa haka, ki je ki huta." Na ce masa ya ba ni mako guda, a raina kuwa na riga na sayar.

Cikin makon nan Gwaggo Delu ta sauka Dubai, ta ce ta zo ta tafi da ni da hannunta. Na yi mata tuwo na musamman da miyar kuɓewa ɗanya da man shanu, na rufe shagon don ita, muka zauna a teburin ciki. Ta ci ta yi santi, ta saki jiki, ta shiga ba ni labarin gidan gwamnatin don ta kwaɗaita mini.

"Ke dai ba ki ga gida ba. Falo uku, kicin kamar masallaci. Da muka shiga ma ba abin da muka saya. Matar wanda aka cire, kwana biyu aka ba ta ta fita, ko labule ba ta samu ta kwance ba. Wallahi har tukunya muka tarar a kan murhu da sauran miya a ciki, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a bayan ƙofa."

Ta faɗa tana dariya. Ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna.

"Yaya, ina suka koma?"

"Oho. An ce gidan wani ɗan'uwansu suka raɓa. Ina ruwanmu?"

Tukunyar nan ce ta tsaya mini a ido. Na ga matar, ban san ta ba amma na gan ta, ta ɗora miya da safe tana matar minista, kafin ta sauke an ce ta fita. Ita ma na tabbata akwai abin da ta bari ta zo. Mu kuwa ba mu da gida a can, filin da muka saya ko katanga ba a yi masa ba, aikinsa na nan an ba wani, in na sayar da shagon takardarmu duka ta mutu. Ranar da aka ba mu namu kwana biyun, gidan wa za mu raɓa da ku? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na ɗago na ce mata, cikin ladabi iyakar iyawata, "Yaya, ki yi haƙuri, gobe zan je in sabunta lasisi."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire hannu daga kwanon, ta wanke, ta goge da gefen mayafinta.

"Ashe fata kike yi masa ya faɗo," ta ce.

"Ba fata nake yi ba, Yaya. Shiri nake yi."

Ta tashi ta koma otal. Daga ranar ba ta ƙara cin abin da na dafa ba har ta bar duniya. Babanku kuma da labari ya kai masa, ya kira ya ce, "To, Rakiya, kin zaɓa," ya kashe wayar. Makonni muka yi sai dai gaisuwa ta bakinku. Wannan lokacin ya fi kowane wuya a zaman aurenmu. Ina tuƙa tuwo ina tunanin ko na riƙe igiya ne na saki miji. Ayishetu ta kan ce, "Hajiya, gishiri," don sau biyu ina zuba wa miya ban sani ba.

Da damina ta yi nisa a gida, gyambon ciki ya kwantar da shi. Na bar wa Ayishetu shagon na je na yi mako guda. Na ga gidan, falo ukun suna nan, cike da mutanen da ban sani ba, kowa da takarda a hannu yana jiran a sa masa hannu, mai ciwon yana ciki ba wanda ya tambayi ko ya ci abinci. Gwaggo tana iyakar ƙoƙarinta, ba zan ci haƙƙinta ba, tsohuwa ce tana tsaye a kan manyan tukwane tun safe, amma ba ta amsa gaisuwata. Ya rame har zoben hannunsa na juyawa. Na dama masa kunu da kaina na kai masa. Yana sha, bai dube ni ba, ya ce biyu daga cikin 'yan majalisarsu sun fara cin abinci a gidan firaminista, in suka ƙarasa komawa can, ba wanda zai ƙara bukatar jam'iyyarsu. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Da zan tafi ya rako ni har mota, abin da minista ba ya yi, ya tambaye ni ko har yanzu mai kayan yajin nan yana damuna. Na ce ya haƙura. Ya ce to madalla, ya rufe mini ƙofar.

Sanyi ya sake zagayowa. Wata ranar Talata da azahar shago ya cika, wasu 'yan kago masu aika kaya gida sun gama lodi sun shigo da yunwa, ina kwasar tuwo sai waya ta yi ƙara a aljihun atamfata. Na maƙale ta a kafaɗa.

"Rakiya."

"Na'am, Malam."

"Ina girgiza igiya."

Mutumin da ya yi mini dariya a Hatta har da buga cinya. Ban ce mene ne ba, ban ce me ya faru ba, tunda ba a tambaya. Na ce, "To, na ji." Na miƙa wa Ayishetu mara, na wanke hannu, na ɗauki jakar takarduna na tafi ofishin masu buga takardun biza da ke bayan layinmu. Na ce ina so in ɗauko mijina a kan lasisina. Yaron ofishin ya tambayi sana'ar mijin, na ce ya rubuta injiniyan ruwa. Sai da yamma labarin ya fito a waya, an yi garambawul na uku a shekara guda, 'yan majalisar nan sun sauya sheƙa, kujerar jam'iyyarsu an ba wasu. Shi ma kwana biyun aka ba shi. Gwaggo ta koma gidanta na da, mutanen falo uku kuwa ko mutum ɗaya bai raka shi filin jirgi ba.

Da takardar ta fito ya iso, jaka ɗaya da hoton nan a naɗe cikin sallaya. Kun tuna, ku kuka je kuka ɗauko shi, ni ina gida ina damun kunun tsamiya. Ya shigo ya cire takalmi, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga wadda ban bari kowa ya zauna a kai ba duk shekarar. Kai Bashir ka buɗe baki za ka ce, "Baba, wai me ya faru," na harare ka ka haɗiye. Na miƙa masa kofi. Ya shanye, na ƙara masa, ya shanye, ya yi hamdala ya jingina. Sannan na yi masa tambayar da innata ke yi wa babana.

"An samu ruwa?"

Ya ɗan yi murmushi.

"An samu kaɗan. Tankin garinmu yana zuba."

Kuma yana zuba har yau, duk wanda ya je ya dawo yana faɗa. Shi ya sa ba na yarda a ce bai kamata ya tafi ba. Da bai sauka ba, da matan garinsu suna nan da jarkokinsu. Rijiya ai sai da mai shiga. Abin da na ƙi kawai shi ne mu shiga mu biyu.

Bayan haka zama ya yi daɗi, fiye ma da na da. Ke Ummi kika gama makarantarki lafiya kika wuce jami'a. Shi kuma ya samu ɗan aikin duba ban-ruwa a gonakin dabino na Hatta, yana zuwa sau biyu a mako ya dawo da ƙura a ƙafa yana fara'a, sauran ranakun yana shago a bakin teburin karɓar kuɗi. 'Yan kasuwa su ce, "Ranka ya daɗe minista, a ƙaro miya," ya ce ma'aikatar miya ba a hannunsa take ba, a nemi Hajiya. Gwamnatin can ma ba ta daɗe ba ta rushe. Da korona ta zo aka rufe gari, mu huɗu muna ɗaki biyu da falon nan muna cin abin da shagon ya tara, ba wanda ya ce mu fita cikin kwana biyu. A cikin kullen ne Gwaggo Delu ta rasu, ba jirgi, ba mu samu zuwa ba. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Na so a ce ta sake zama a teburina ko sau ɗaya ta ci tuwona, ta zage ni ma in ta ga dama. Ita ma ƙaninta take so, ta hanyar da ta sani. Ku riƙa sa ta a addu'a, kuma kada in ji wani ya faɗi mummunar magana a kanta don ya faranta mini.

Ni na ce a rataye hoton, ba shi ba. Shi so ya yi a bar shi a akwati. Na ce a'a, ranar alheri ce, kuma Yaya ta yi kyau a ciki. Ke Ummi, kwanan baya 'yarki ƙarama ta hau kujera tana nuna mutanen ciki da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ga Kaka, ga Gwaggo, wannan wane ne, wancan wane ne. Ina kicin ina jin su, ita da babanku. Sai ta ce, "Kaka, to ina Hajiya?" Na tsaya da ludayi a hannu, ina jiran ya ce tana kicin kamar yadda nake faɗa. Na ji ya sauke ta daga kujerar, ya ce mata:

"Ba za ki gan ta a nan ba. Tana sama, tana riƙe da igiya."